Jinyar tsohon da ɓarin jikinsa ya shanye: ina kuɗin ke tafiya?

Mai buɗe zance, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya ta yawaita kan tsoho ko tsohuwa da hawan jini ya kayar, aka sallamo shi gida, hannu da ƙafa ba sa motsi, aljihu kuma ya bushe. Wanda ya san aikin da hannunsa ya taimaka mana.

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam Malam. Abin da ke cinye dukiyar gida ba ranar faɗuwar ba ce, gyambon kwanciya ne da ke biyo baya. A juya shi kowane awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu. Matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Kowace safiya a duba ƙugu, gindin baya, kafaɗa, idon sawu da diddige. A fatarmu ba ja ake gani ba. Wurin yakan ƙara duhu, ya yi zafi ko tauri. Kada a murza shi, a ɗauke masa nauyi kawai. Leda a kan katifa tana da amfani, amma sai an shimfiɗa zane a kanta, in ba haka ba zufar Afrilu da Mayu da fitsari za su dafa fatar. In ta riga ta fashe, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, lita 1 da gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, a rufe da kompires mai tsabta. Toka da garin kafso ba su da wuri a nan. Wari ko baƙin nama, sai likita.

Sai ci. A zaunar da shi tsaye, haɓa ta ɗan sunkuya, a ba shi da ƙaramin cokali ta gefen baki mai lafiya. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsararo sauƙin haɗiya. Fura a dama ta har ba gudaji. Ya zauna minti 30 bayan ya gama, a leƙa kumatu ko abinci ya maƙale. Mai gyangyaɗi ba a ɗura masa komai, ko da rubutu ne, domin huhu yake wucewa, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da tari, a koma gadon asibiti.

Mai aikin motsa gaɓoɓi: Gaskiya ne Hajiya. Ni dai roƙona, kada a ɗaga shi ta hannun da ya shanye; kafaɗar takan zame, ciwon kuma ya daɗe. A lanƙwasa kowace gaɓa a miƙe ta sau 10, safe da yamma, a hankali, har yatsu. Wata 3 zuwa 6 na farko su ne lokacin da jiki ya fi dawowa, kada a ɓata su da jira. Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. Gashi da ruwan zafi da kaskon garwashi lokacin ɗari suna ƙona ɓarin da ba ya ji, shi bai sani ba. Kafinta ya huda kujerar katako, a sa bokiti ƙarƙashi, an huta da tsugunon masai.

Mai sayar da magani a farmasi: Kuskuren da ya fi tsada shi ne barin maganin tansiyo, wato hawan jini, don "ya ji sauƙi". Amlodipine da ire-irensa kullum ake sha, ba a tsallake rana. A roƙi likita ya rubuta sunan maganin na asali, a nemi jenerik, wato maganin da ke ɗauke da sunan asalin ba na kamfani ba, a farmasin gwamnati na ONPPC. Aiki ɗaya, kuɗi kaɗan. Na tire da ke shan rana a kasuwa a bar shi. Diclofenac da ibuprofen da ake ba tsofaffi don ciwon gwiwa suna ɗaga tansiyo, suna taɓa ƙoda. Aspirin ma sai likita ya ce, tunda wata shanyewar jijiya ce ta fashe a kai. A rage gishiri, magi da kanwa a tukunyar gida gaba ɗaya, don tsoho ba ya yarda a ware masa tasa.

Tun Satumba 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita, gwaji da kwanciya a asibitocin gwamnatin Nijar. Awon tansiyo a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwa, ya wadatar, ba sai an je babban asibiti kowane wata ba. A ajiye kaye guda: awo, magani, abin da aka kashe. Ƴaƴan da ke ci-rani a Abijan ko Libiya su yanke abin da kowa zai turo duk wata, ko jika 5 ne. Jiran sai ciwo ya tashi shi ke sa a sayar da tunkiya a araha.

Wata dattijuwa: Allah ya saka muku, ƴaƴana. Ku ƙara da zuciya. Wanda abokin zamansa ya rasu kuma ciwo ya kayar da shi yakan daina ci, ya juya fuska ga bango, a ce tsufa ne. Kada a kai shi ɗakin ƙurya. Bayan la'asar a fito da shi zaure ko gindin bishiya, a ajiye masa rediyo, a ci gaba da neman shawararsa kan aure da gona, a gabansa, ba a bayansa ba. A kawo masa ƙasa mai tsabta a faranti don taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance. In tsohuwar mai takaba ce, wata 4 da kwana 10, takabar ba ta hana ta zuwa asibiti ko karɓar maganinta. In mamacin yana da fansho a CNSS, asusun fanshon ma'aikata, matarsa na da haƙƙi a ciki: a fara karɓo takardar rasuwa a ofishin magajin gari tun kafin sadakar arba'in, a haɗa da takardar aure da lambarsa ta fansho.