Tambaya: yaya za a rufe ƙofar loda fayil ba tare da an kori masu neman gurbi ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa masana. Akwai shafin wata makaranta a nan Kaduna, an gina shi da harshen shirye-shirye na PHP a kan manhajar saba ta Apache, inda ɗalibai ke loda hoton fasfo da takardun sakamako kafin su buɗe asusu. Ma'ana kowa na iya turo fayil, kuma yana sauka kai tsaye cikin public_html, wato babban fayil ɗin da ake iya buɗe abin da ke cikinsa ta intanet.

An samu wani fayil mai suna hoto.phtml a can, irin wanda saba ke iya gudanarwa a matsayin PHP. Farkonsa GIF89a ne, wato alamar hoton GIF, sauran duk lambar PHP ce, shi ya sa getimagesize, umarnin PHP mai duba girman hoto, ya bar shi ya wuce. Content-Type kuwa, wato bayanin nau'in fayil, mai turowa ne ke rubuta shi, ba abin dogaro ba ne.

Yanzu an mayar da ma'ajiyar wajen public_html, ana canza wa kowane fayil suna da random_bytes, mai samar da lambobi bazuwar, an taƙaita girma zuwa 2MB, JPEG da PNG da PDF kaɗai ake karɓa. An hana hoto nau'in SVG saboda yana iya ɗauke da JavaScript.

Ga inda aka cije. Sake sarrafa hoto da GD, manhajar sarrafa hotuna ta PHP, yawanci yana wanke lambar da aka cusa, amma ƙaramin PNG mai faɗin piksel dubbai yana cinye memory_limit, wato iyakar memori da aka ba PHP, nan take. Shin duba faɗi da tsawo kafin imagecreatefrompng, umarnin da ke buɗe hoton, ya isa? Sannan PDF fa, da me ake tace shi a sabar haya da ba a iya girka manhajar gano ƙwayar cutar kwamfuta ta ClamAV?

Na ƙarshe ya fi damuna. Idan aka ƙayyade lodi bisa adireshin IP, kafen intanet ɗaya a Kawo ko Tudun Wada yana yi wa ɗalibai da yawa rajista da adireshi guda, duk za a toshe su. Wace dabara kuke bi?