Ruwan ciyawar teku a kan tumatir da albasa: a saya ko a bari?

Na Ajiwa: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ruwan ciyawar tekun nan da ake tallar yana tsare fumfuna, akwai wanda ya san gaskiyarsa? Tumatir ne, sati huɗu da dashe, ganyen ƙasa ya fara baƙin tabo.

Mai Albasa Jibia: Wa alaikumus salam. Tabon yana da zobe-zobe a ciki?

Na Ajiwa: Yana da shi, gefensa kuma ɗorawa.

Malamin Gona: To wannan cutar ta riga ta shiga, ruwan ciyawar teku ba zai fitar da ita ba. A nan ne mutane ke asara, sai su ce kayan jabu ne. Ba ya kashe fumfuna irin yadda mankozeb ko maganin jan ƙarfe ke yi. Aikinsa shi ne ya zaburar da shuka: akwai sinadarai a cikinsa, irin su laminarin da aljinet, da ganye ke ɗauka kamar an kawo masa hari, sai ya ƙarfafa bangonsa ya fara haɗa abin kare kai. Wannan shirin yana cin kwanaki, shi ya sa ake fesawa tun shuka tana lafiya. A Faransa har an ware laminarin ɗin an yi masa rajista, ana fesa wa alkama da tuffa, amma can ma riga-kafi ne.

Abin da za ka yi yau, Malam: tsinke ganyen ƙasa da suka kamu, ka fitar da su daga gonar ka ƙone, kada a zube su bakin fangali. Ka fesa mankozeb yadda aka rubuta a leda, yawanci giram 2 zuwa 2.5 a kowace lita, ka maimaita bayan kwana 7 zuwa 10. Sannan ciyawar tekun ta shigo tsakani, don sabon toho.

Awonta kuma, galibin na ruwa mililita (mil) 2 zuwa 3 ne a lita. Injin goyo mai lita 16 ke nan mil 32 zuwa 48. A nemi sirinji, a bar awo da murfin kwalba, murafen ba girmansu ɗaya ba. A fara tun wurin rainon iri, a sake kwanaki kaɗan bayan dashe, daga nan duk kwana 10 zuwa 14. Da yamma ko da safe bayan raɓa ta bushe, a jiƙa har bayan ganye. Wanda ya ninka awo don ya ga aiki da wuri bai ƙara kariya ba, kuɗinsa kawai ya ƙare, wani lokacin ma bakin ganye ya ƙone.

Baba Mai Lambu: Mu da ko kogin kirki ba mu da shi, mi ya haɗa mu da teku? Ga kainuwa da gansakuka nan cike da dam, a kwaso kyauta.

Ɗan Sabke: Baba zai buɗe kamfani a bakin dam ɗin Daberam ke nan, mu zo neman aiki.

Malamin Gona: Baba, kainuwa takin gargajiya za ta yi in ta ruɓe, amma ba danginsu ɗaya ba. Wadda ake matsowa a kwalba mai ruwan ƙasa-ƙasa ce ta teku mai sanyi. A duba jikin kwalbar: Ascophyllum nodosum daga gaɓar Nowe, Ayalan da Kanada, ko Ecklonia maxima daga Afirka ta Kudu. In ba a rubuta sunan ciyawar ba, ni ba zan ba da shawarar a saya ba.

Hajiya Mai Iri: A ƙara da lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Wasu takin ruwa ne aka ɗiga wa ciyawar kaɗan, a sa hoton teku a gaba.

Mai Shagon Magani: Hajiya, ba duka masu shago ne macuta ba fa. Manomi ne zai zo ya ce a ba shi mafi araha, ya haɗa kala biyar a tanki ɗaya, in ta ɓaci ya ce mu ne.

Hajiya Mai Iri: Ban kama suna ba, Alhaji. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as.

Mai Shagon Magani: Allah ya ba ki haƙuri. Amma maganar haɗi gaskiya ce. Kada a zuba ruwan ciyawar tekun tanki ɗaya da takin ruwa mai kalsiyam, yana daskarewa kamar kamu ya toshe bakin feshi. Da yawan ruwan ciyawar tekun kuma suna da kaifi irin na ruwan toka, wanda ke rage ƙarfin mankozeb. A gwada a kwalba tukuna: ruwa lita ɗaya, a sa kowanne gwargwadon awonsa, a jira minti 15. In ya yi gudaji ko ya rabu, a fesa su daban, a bar kwana biyu ko uku tsakani.

Mai Albasa Jibia: Albasa fa ganyenta santsi ne, ruwa gangarewa yake. Ba a sa maganin mannewa ba, an shayar da ƙasa ne kawai. Jan tabon nan na albasa raɓa da cunkoso ke kawo shi, a rage ban-ruwan yamma.

Ɗan Sabke: Zai yi wa Sharon?

Malamin Gona: A'a. Sharon tsutsa ce, ita ce ta cinye tumatir a 2016. Ka ɗaga ganyen sama, in ka ga farar hanya a cikinsa ba fumfuna ba ce. Haka wanda tumatirinsa ke yaushi daga saiwa, feshin ganye ba ya kai wa can, sai canjin gona da iri mai juriya.

Na Ajiwa: Wani ya ce a Legas ana kwasar ciyawar teku a bakin ruwa, direbobinmu za su iya kawowa a buhu.

Malamin Gona: Sargassum ke nan, wadda ke taruwa a gaɓar Afirka ta Yamma tun 2011. Gishiri gare ta, tana kuma tara gubar asinik. Kada a kai ta fadama.

Baba Mai Lambu: Ni dai ganyen bedi da tazara tsakanin shuka sun ishe ni.

 



Na Ajiwa: To in sayi kwalbar ko in bari sai dashe na gaba?