Wane suna ya dace da malamin da yake sauraron damuwar yara a firamare?

Assalamu alaikum, malamai da masu sha'awar harshe. Dalilin buɗe wannan zance shi ne wata takarda mai shafi biyu da aka ba ni in mayar da ita Hausa, wadda wata makarantar firamare take raba wa iyaye domin sanar da su cewa akwai ma'aikaci na musamman da yaro zai iya zuwa wurinsa idan wani abu yana damunsa, kuma iyaye ma suna iya nemansa idan gida ya shiga wani hali da ya taɓa karatun yaro. Komai na takardar ya tafi lami lafiya sai sunan wannan ma'aikaci, wanda ya fito kusan a kowane sakin layi, ni kuwa na rasa kalmar da zan sa masa wadda uwa za ta karanta ta fahimci abin da ake nufi ba tare da gabanta ya faɗi ba. Wata malama da wani malami sun riga sun kawo nasu sunayen, zan amsa masu a ƙasa.

Aro kalmar Turancin, wato "counsellor", kai tsaye ba zai yiwu ba, domin kunnen Bahaushe yana jin ta a matsayin "kansila", kuma kansila ya riga ya sami mazauni a harshenmu da ma'anar zaɓaɓɓen wakilin mazaɓa. A Turanci ma kalmomin biyu, "councillor" da "counsellor", furucinsu ɗaya ne, haruffa biyu ne kawai suka raba su a rubuce, ko da yake asalinsu daban ne a Latin: ɗaya daga kalmar taro ta fito, ɗaya kuma daga kalmar shawara. Idan aka rubuta wa uba cewa kansila yana son ganinsa a makaranta, zai zo da tunanin siyasa ne ko na rabon wani tallafi.

Kafin a zaɓi suna, ya kamata a san abin da ake raɗa wa sunan, domin aikin kansa ya sauya fuska fiye da sau ɗaya. A Amurka ya faro, kuma da fari babu ruwansa da ƙananan yara. A 1908 Frank Parsons ya buɗe ofishi a birnin Boston domin taimaka wa matasa su zaɓi sana'ar da ta dace da su, kuma shekaru da dama ana kallon aikin a matsayin nuna wa ɗalibi hanyar da zai bi. Bayan Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, Amurka ta yi dokar ilimi ta 1958 wadda ta ware kuɗin horar da irin waɗannan ma'aikata domin makarantun sakandare, da nufin gano ɗalibai masu hazaƙa a fannin kimiyya da lissafi, sai a gyaran dokar na 1964 aka shigar da firamare. A tsakanin nan kuma masanin halayyar ɗan'adam Carl Rogers ya fitar da littafinsa na 1942, inda ya ce mai wannan aiki ya rage ba da umarni, ya ƙara sauraro, ya bar mai damuwa ya furta abin da yake ransa. Wannan ra'ayi ya ratsa aikin har ya kai ga ƙungiyar masu wannan sana'a a makarantun Amurka, wadda aka kafa a 1952, ta nemi a 1990 da a daina kiran mambobinta da tsohon sunan nan na "guidance counsellor" da yake ɗauke da ma'anar nuna hanya.

Na kawo wannan tarihi ne saboda kalmar "jagora", wadda ita ce ta fara zuwa bakin mutane da yawa. Kalma ce mai kyau, asalinta kuma a fili yake: wanda yake jan gora, yana gaba, makaho yana biye da shi. To, masu aikin da kansu sun ajiye wannan hoto tun 1990, saboda haka bai kamata mu ɗauko abin da suka yar mu maƙala masu ba. A sakandare, inda ake batun zaɓen darussa da sana'a, jagoranci yana da gurbi. Yaro ɗan shekara bakwai kuwa da ya daina cin abinci a makaranta saboda wani babba yana ƙwace masa, ba hanya ya ɓata ba, mai ji ya rasa.

Sai "nasiha", wadda na fara rubutawa a daftarin farko. Masu magana da Swahili sun ɗauke ta, sun haɗa ta da shawara suka ce "ushauri nasaha", kalmomi biyu da tushensu na Larabci ɗaya ne da namu, Larabawa kuma suna cewa "murshid". Sai na gwada daftarin a kan wata uwa mai yara uku a firamare, na karanta mata jimlar da ta ce za a iya tura ɗanki wurin mai nasiha. Ban kai ƙarshen layin ba ta katse ni, ta ce, "Me ya yi?" Wannan tambaya ta ishe ni hujja. A Hausa mai laifi ko mai shirin kauce hanya ake yi wa nasiha, daga sama take sauka zuwa ƙasa, mai yin ta yana magana, wanda ake yi wa yana sunkuyar da kai yana cewa "to". Yaron da mahaifinsa ya rasu a tsakiyar zangon karatu bai yi laifin komai ba, haka ma yarinyar da iyayenta suka rabu ta koma yin kuka duk safiya a ƙofar aji. Idan sunan ofishin ya sa uwa ta ji kamar ƙarar ɗanta aka kai, ba za ta zo ba, shi ma za ta hana shi zuwa.

Malama, na ga shawararki ta cewa a kira ta "malamar tarbiyya", kuma na fahimci dalilinki, tunda wani ɓangare na aikin shi ne shiga azuzuwa ana koya wa yara yadda za su danne fushi, su sasanta da abokai, su faɗi abin da yake damunsu da baki maimakon duka. Amma kin fi ni sanin yadda yara suke jin wannan suna. A kunnensu tarbiyya tana maƙwabtaka da ladabtarwa, ladabtarwa kuma da horo, alhali sharaɗin farko na wannan aiki shi ne kada mai yin sa ya zama shi ne mai hukunta ɗalibai, domin yaro ba ya buɗe cikinsa ga wanda gobe zai iya sa shi durƙuso. Ga iyaye kuma akwai wani zargi a ɓoye cikin sunan, kamar ana cewa tarbiyyar gida ta gaza ne shi ya sa makaranta ta ɗauki mai gyara.

Malam, kai kuma ka ce "likitan ƙwaƙwalwa". Wannan ya wuce gona da iri, kuma ba gaskiya ba ne. Ma'aikacin makaranta ba ya gano cuta, ba ya rubuta magani, ba ya ɗaukar yaro jinya ta dogon lokaci. Zama kaɗan yake yi da yaro, ko da rukunin yara huɗu zuwa shida masu matsala iri ɗaya, idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya nema wa iyali ƙwararre a waje. Ƙungiyar da na ambata ta ce abin da ya dace shi ne ma'aikaci ɗaya ga ɗalibai 250, wanda ya nuna cewa aikin na dukkan yaran makaranta ne, ba na 'yan kaɗan marasa lafiya ba. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin lafiyar ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa ake son a sami mai lura tun daga firamare, amma ambaton ƙwaƙwalwa a jikin ƙofa ya isa ya kori iyaye tara cikin goma, bisa ƙiyasina ni kaɗai.

Abin da ya rage shi ne shawara, kuma a nan nake so mu daɗe. Masu fassara sun saba cewa "mai ba da shawara" ko "mashawarci". Na biyun ya riga ya tare a fadar masu mulki, inda ake da mashawarcin shugaba kan tattalin arziki ko tsaro, ga shi kuma ya yi wa bakin yaro nauyi. Na farkon kuwa matsalarsa tana cikin aikatau ɗin "ba da". Hausa ta raba abu biyu da Turanci ya cure wuri ɗaya: akwai ba da shawara, akwai kuma yin shawara. Idan na ba ka shawara, ni ne mai magana, kai ka ɗauka ko ka bari. Idan na ce zo mu yi shawara, na yarda ke nan cewa kai ma kana da abin faɗa, kuma ba a san inda maganar za ta tsaya ba sai an ji ta bakin kowa. Shi ya sa aka ce shawara ɗaukar ɗaki, mutum ɗaya ba ya ɗaga jinka ya ɗora. Wannan ma'ana ta biyu ita ce ainihin abin da Rogers ya yi kira a kai, ita ce kuma ta yi daidai da sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wanda ya ce yaro yana da haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa.

Mu kalli yadda zaman yake gudana. Yarinya 'yar aji biyu ta shigo, malamar ajinsu ta lura kwana goma ke nan ba ta wasa da kowa. Ma'aikaciyar ba ta zauna bayan tebur ba, ta jawo ƙaramar kujera irin ta yara, ta ajiye takarda da fensiran launi, ta ce, "Zana mini gidanku." Yarinyar ta zana mutum uku, ta tsaya, ta zana na huɗu can gefen takardar, nesa da sauran. Aka tambaye ta wane ne wannan, ta ce babanta ne, ya tafi. A cikin minti ashirin ɗin nan ma'aikaciyar ba ta ba da shawara ko ɗaya ba, ba ta yi nasiha ba, ba ta nuna hanya ba. Abin da ta yi a ƙarshe shi ne tambayar yarinyar ko ta yarda a kira mahaifiyarta su zauna su uku.

Saboda haka abin da nake gabatarwa shi ne a cire "ba da" a bar shawara ita kaɗai: malamin shawara, malamar shawara, malaman shawara, ofishin kuma ɗakin shawara. Wanda ya ce ai ba ya koyar da darasi a aji, sai ya tuna da malamin gona da malamin asibiti da malamin daji, waɗanda Hausa ta daɗe tana kira malamai ba don suna riƙe alli ba. Sunan gajere ne, yaro ɗan aji ɗaya zai iya furta shi, kuma ba ya ɗora laifi a kan kowa. Na san wani zai tuna mana cewa shawara sunan ciwo ne mai mayar da ido ruwan ɗorawa, har a yi dariya cewa za a riƙa kawo wa malamin masu neman magani. Ban ga haɗari a nan ba, domin mun daɗe muna zaune da kalmomin biyu, kuma babu wanda aka ce masa zo mu yi shawara ya tafi asibiti.

Akwai kalmomi uku da suke tafiya tare da wannan suna a cikin takardar, kuma ba su ba ni wahala sosai ba. Ta farko ita ce miƙa iyali ga wani wuri na waje. "Turawa" ba ta yi ba, tana ɗauke da ma'anar kawar da mutum daga gabanka, ga shi kuma a rubuce tana rikicewa da Turawa. "Haɗawa" ta fi, domin malamin shawara yakan kira wurin da kansa, ya faɗi wanda za a nema, daga baya ya bibiya ya ji ko an je. Ta biyu ita ce abin da na ga wasu suna fassarawa da "albarkatun al'umma", wanda yake kai tunanin mai karatu ga ma'adinai da ƙasar noma, alhali ana nufin asibitin yara, ofishin jin daɗin jama'a, ƙungiyoyin da suke taimaka wa iyali da abinci ko matsuguni, ɗakin karatu, wuraren da yara suke zuwa bayan an tashi daga makaranta, da lambar wayar gaggawa ta kare yara. Na sa "wuraren samun tallafi".

Ta uku ita ce alƙawarin da ake yi wa yaro cewa maganarsa ba za ta fita ba. "Sirri" tana iya tayar wa iyaye hankali, su ga kamar makaranta tana ɓoye masu wani abu game da ɗansu, kuma ba ta faɗi gaskiya duka ba, tunda alƙawarin yana da iyaka: idan yaro ya faɗi cewa ana cutar da shi, ko yana shirin cutar da kansa ko wani, wajibi ne malamin ya sanar da waɗanda za su kare shi, a Amurka ma doka ce ta tilasta wa ma'aikatan makaranta kai rahoton cin zarafin yara. "Amana" ta ɗauki ɓangarorin biyu, domin mai riƙon amana ba ya yaɗa magana, kuma ba ya yin shiru alhali yana ganin yaro cikin haɗari.

Na sake karanta wa uwar nan sakin layin bayan gyara, ga yadda ya fito: "Makarantarmu tana da malamar shawara. Ɗanki yana iya zuwa ɗakin shawara duk lokacin da wani abu ya dame shi, ke ma kina iya zuwa ku yi shawara da ita a kan karatunsa ko halin da gida yake ciki. Abin da aka faɗa mata amana ne, sai dai idan yaro yana cikin haɗari. Idan akwai buƙata, za ta haɗa ki da wuraren samun tallafi." Wannan karon ta bari na kai ƙarshe, sannan ta tambaye ni ranakun da malamar take zama a ofis.