Na tsinci Gimli na roba a kayan bosho: na asali ne, kuma me ya sa yake danƙo?

Ɗan Bagalam ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni ga masu tara 'yan mutum-mutumin roba na jaruman fim, in har akwai irinsu a nan. Bari in fara kwatanta muku abin, don ku san a kan me nake magana.

Akwai wani mai kayan bosho a babbar kasuwa da ke zube kayan wasan yara a kan buhu, motoci marasa taya da 'yan tsana marasa hannu duk a cakuɗe. A cikin tarin nan na tsinci Gimli, wadan nan mai gemu da gatari na fim ɗin The Lord of the Rings. Mu da muka kalle shi da Faransanci a gidan kallo, da Le Seigneur des anneaux muka san shi. Mai kaya ya ce jika uku, muka daidaita a jika biyu. Shi bai ma san ko wane ne ba, "tsoho mai gatari" yake ce masa.

Na auna shi da tef ɗin tela, santimita 12 ne daga tafin ƙafa zuwa ƙolin kwalkwali. Yana da nauyi a hannu, ba irin robar nan mai iska a ciki da ake sayar wa yara ranar sallah ba. Abin da ya sa na ɗauke shi tun farko gemun ne. Ba dunƙule guda aka yi masa aka shafa ja ba. An fitar da gashin sili-sili, gashin bakin kuma an kitse shi gida biyu, kowane kitso da ɗan abin ɗaurinsa. Sannan an zuba wani fenti mai duhu ya shige cikin tsagogin, shi ya sa gemun yake da zurfi in haske ya faɗa masa. Ƙarƙashin rigar fatar akwai sulke, zobe bayan zobe, kai ka ce na mahayan sarki ne ranar hawan sallah aka ƙanƙance. Zanen da ke jikin kwalkwali da ɗamara duk mai kusurwa ne, babu lanƙwasa ko ɗaya. Fuskar ma ba laifi: gira a haɗe, hanci faffaɗa, sai dai idon hagu fentin ya ɗan kauce, in ka matso da shi kusa sai ka ga kamar harararka yake ta gefe.

Inda ya gaza kuma, wajen motsi ne. Gemun da na yaba shi ne ya hana kan juyawa, ko'ina ka murɗa sai ya tokare ƙirji. Robar da ta sauko daga kugu zuwa gwiwa tana da tauri, ƙafafun na motsi a ƙarƙashinta amma ba zai zauna ba. An kuma sa masa wata dabara ta sifirin don ya riƙa sara da gatari. A wurina wannan ita ce ta ɓata shi, domin hannun dama ba ya tsayawa inda ka ajiye shi, sai ya koma inda sifirin ke so. Yaro zai ji daɗinta, ni da nake son in tsayar da shi a kan kanta ba ta amfane ni da komai ba. Ƙotar gatarin ta lanƙwashe, kuma a ɗamararsa akwai wani gurbi da ba komai a ciki, alamar wani ƙaramin gatari ya ɓata.

To ga abin da ya ɗaure mini kai. A jikinsa an rubuta da ƙananan baƙaƙe: 2001, NLP Inc., Marvel Ent., sannan China. Mene ne haɗin Marvel masu Spider-Man da wannan fim? Ko jabu ne aka buga masa sunan da aka ga dama? Na biyu, takalmansa da robar kugun suna danƙo, ƙura na mannewa, na goge da tsumma abin ya dawo. Kuma wani abokina ya ce irin waɗannan Turawa na saye da tsada, wai in ɓoye shi. Gaskiya ne?

Bamaradiya a Lyon ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kwantar da hankalinka, rubutun da ya tsorata ka shi ne ma shaidar cewa na asali ne. Kamfanin Toy Biz na Amurka ne ya samu izinin yin 'yan mutum-mutumin fim ɗin lokacin da aka fitar da shi, kuma Toy Biz ɗin ya haɗe da Marvel tun 1998. Shi ya sa kake ganin Marvel Ent. a jiki ko da yake Gimli ba jarumin Marvel ba ne. NLP kuwa New Line Productions ke nan, ɓangaren kamfanin New Line da ya shirya fim ɗin. China ma kada ta dame ka, can aka ƙera su duka. Mai yin jabu ba kasafai yake ɓata lokacinsa wajen fitar da zoben sulke ɗaya bayan ɗaya ba, kuma wancan fenti mai duhu da ka ce ya shige tsagogin gemu ƙarin aiki ne da ke cin kuɗi, shi ne abu na farko da masu jabu ke tsallakewa.

2001 ɗin ta yi daidai da shekarar da kashi na farko na fim ɗin ya fito. Na biyu ya biyo a 2002, na uku a 2003, duk Peter Jackson ya ba da umarni, a New Zealand aka ɗauke su. Sai dai ka sani, shekarar da ke jikin roba shekarar da aka sassaƙa zubin ce, ana iya ci gaba da amfani da zubi ɗaya a shekarun da suka biyo baya a canza kwali kawai.

Zanen mai kusurwa da ka lura da shi ba daga masu roba ya fito ba. Weta Workshop da ke Wellington, su da suka ƙera makamai da sulken fim ɗin, su suka ware wa kowace al'umma salonta: wadanni layi miƙaƙƙe da kusurwa, al'ummar su Legolas maharbin nan kuma lanƙwasa irin ta ganye. Duba gatarin da ke hannunsa. In mai baki biyu ne, to shi ne wanda ya ɗauka a kabarin ɗan'uwansa Balin cikin Moria, tsohon birnin wadanni na ƙarƙashin dutse. Ka tuna tun a taron da aka yi a garin Rivendell ya riga ya farfasa wani gatarin a kan zoben nan da labarin fim ɗin ya ginu a kansa.

Abin da ke ba ni dariya kullum: John Rhys-Davies da ya fito a Gimli, wada, shi ya fi duk 'yan tawagar nan ta mutum tara masu tafiya da zoben tsawo a zahiri. Shi ne kuma ya yi muryar Treebeard, bishiyar nan mai magana.

Batun tsada, ka gaya wa abokinka ya rage buri. An buga waɗannan da yawa ƙwarai, fim ɗin ya yi kasuwa a duniya, na ukun ma lambar Oscar 11 ya kwashe a 2004. A nan ina ganinsu a kasuwannin tsofaffin kaya na ranar Lahadi, a zube cikin kwali. Wanda ke da ɗan daraja shi ne wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba, ko wasu ƙalilan da ba a buga da yawa ba. Naka ba kwali, ga gatari ɗaya ya ɓata. Jika biyu ba a cuce ka ba ko kaɗan, amma kada ka sa rai zai saya maka babur.

Mai gyaran waya na Sabon Gari ya amsa:

Malam, danƙon nan na san shi, kullum ina fama da shi a tsofaffin wayoyin caja da rigunan salula. Robar mai taushi PVC ce. Ita asalinta tauri gare ta, sai a gauraya ta da wani sinadari mai maiƙo don ta yi laushi. In ta tsufa kuma zafi ya dake ta, maiƙon sai ya riƙa tsattsafowa waje. Abin da ya shekara sama da 20, ya sha zafin kwantena, ya zo ya kwanta a kan buhu cikin ranar Maradi da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, ai dole. Shi ya sa ƙirjinsa mai tauri bai yi ba, sai takalma da robar kugu.

Tsumma busasshe ba ya cirewa, shafe shi kawai yake yi. Samu ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka na ruwa, ka jiƙa wurin, ka bi shi a hankali da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka ɗauraye, ka shanya a inuwa. Ka yi ƙoƙari kada ruwa ya shiga cikin gangar jikin, saboda sifirin ɗin ƙarfe ne, zai yi tsatsa. Don Allah kada ka kusanto da esansi ko kananzir ko tina ko abin goge farcen mata. Za su cire danƙon, su tafi da fentin, wani ma ya narkar da robar. Ko alkol ɗin da muke wanke allon waya da shi yana cin fenti.

Danƙon zai dawo bayan wani lokaci, ba a warkar da shi gaba ɗaya, sai dai ka sake wankewa. Kada kuma ka ce za ka ƙulle shi a leda don gudun ƙurar hunturu, a rufe ne abin ya fi taruwa. Kabad mai gilashi da iska ke ɗan shiga ya fi, nesa da taga, nesa da bangon da rana ke duka da yamma.

Ƙotar gatari kuwa sauƙi gare ta. Tsoma ta a ruwan zafi, ba tafasasshe ba, kamar rabin minti, za ta yi laushi. Miƙe ta da yatsu, ka riƙe ta a haka ka tsunduma cikin ruwan randa. Za ta tsaya.

Malama Ta Limanci ta amsa:

Ɗana, ban san fim ɗin ba, ba kuma zan ce komai a kan roba ba. Amma tunda ka ce a kan kanta za ka tsayar da shi, ya kamata wani ya tuna maka. Hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura yana cikin Buhari da Muslim. Haka nan kuma ya tabbata Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har Abu Dawud ya ruwaito akwai doki mai fukafukai a cikinsu. A kan wannan ne malamai suka yi sauƙi ga kayan wasan yara. Babban mutum ya kafa sura a ɗaki don ado kuwa, wannan wata magana ce daban, kuma da yawa ba su yarda da ita ba. Ni ba mai fatawa ba ce. Ka je ka tambayi malamin da ka amince da iliminsa, ka kai masa abin ya gani da idonsa.

Ɗan Bagalam ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna Malama, na ji, kuma maganarki ta yi daidai da ta mahaifiyata, wadda tun ranar da ta gan shi ta ce kada ta sake ganinsa a ɗakin da ake salla. Yanzu yana cikin akwatin littattafaina, zan kai wa malaminmu bayan karatun magariba.

Maigida mai gyaran waya, na yi yadda ka ce. Ƙotar ta miƙe sarai. Danƙon takalma ya tafi, na robar kugu ya ragu amma da saura. Da dattin ya fita sai ga wani abu da ban gani ba a da: a gefen takalman an yi musu fentin laka, ruwan ƙasa-ƙasa, da gangan, wato na wanda ya sha tafiya. Da ƙurar kasuwa na ɗauka.

Yaya ta Lyon, mai baki biyu ne, na Moria ke nan. Ra'ayina dai bai canza ba: sassaƙa da fenti sun fi ƙarfin kuɗin da na biya, motsi kuwa ba a cewa komai, sifirin ɗin nan da ba su sa shi ba da ya fi. Akwai hanyar kashe shi ba tare da an fasa gangar jikin ba?

Mai gyaran waya na Sabon Gari ya sake amsawa:

Kada ka fasa. Galibi manne gangar ake yi da gam ko a narke bakinta a haɗe, in ka ɓalle ta ba ta komawa daidai. Yanko ɗan siririn yanki daga tsohuwar tib ɗin keke, ka cusa shi a tsagar kafaɗa da bakin allura. Zai riƙe hannun a inda ka ajiye shi, ranar da ka so kuma ka zare. Gurbin ɗamarar ma kawo mini shi shago in auna. Akwai wani yaro a layinmu da ke fiƙe gwangwanin alminiyom yana yi wa yara motoci, ƙaramin gatari ba zai gagare shi ba, dala ashirin ma ta ishe shi.