Farin ampul ko mai ruwan ɗorawa: wanne za mu sa a sabon gida?

Hajiya daga Garin Malam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar wuta. Mun kusa tarewa a sabon gida: ɗakunan kwana biyu, kowanne mita 4 a kan 4, falo mita 4 a kan 5, ƙaramin kicin, makewayi biyu, zaure da tsakar gida. Rufin kwano ne da silin. Na leƙa Kasuwar Dole, mai shago ya zube mini ampul kala-kala, wani fari fat, wani ruwan ɗorawa, wani kuma wai da salula ake kunna shi. Ya ce in kwashi fari mai wat 30 in sa ko'ina in huta. Maigida farin yake so, ni kuma da dare yana gajiyar mini da ido. Wanne ya dace, guda nawa a kowane ɗaki, kuma na salular nan ya ci kuɗinsa? Muna da kuran, muna kuma da niyyar ƙara sola nan gaba.

Mai haɗa wuta, Sabon Gari:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Kar ki saya da wat. Wat ƙidayar wutar da ƙwan ke sha ce, ba ta haskensa ba. Lambobi biyu za ki duba a jikin kwali.

Ta farko wadda ke ƙarewa da K, ita ce launin hasken. 2700K zuwa 3000K ruwan ɗorawa ne, irin na tsohon ƙwan nan mai zare da ke ƙona hannu. 4000K fari ne mai laushi. 6500K shi ne fari fat mai ratsin shuɗi, wanda ya cika kasuwa. Gajiyar da idonki ke yi ba banza ba ce: farin 6500K shuɗinsa ya fi yawa, shuɗin haske kuwa da dare yana jinkirta sinadarin da ke saukar wa jiki da barci. Don haka ɗakin kwana 2700K ko 3000K, kicin da makewayi 4000K. Shi 6500K ki bar wa shago da gareji.

Ta biyu lumen, ana rubuta ta lm, ita ce yawan hasken. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da kusan lumen 800, LED, wato ƙwan zamani mai ƙarancin shan wuta, mai wat 9 ma haka. Lissafin: ki ninka faɗin ɗaki da tsawonsa, sannan ki ninka da 100 zuwa 150 idan wurin zama ne ko kwana, da 300 idan wurin aiki ne. Ɗakin kwananki murabba'in mita 16 ne, yana son lumen 1600 zuwa 2400, wato ƙwai biyu masu wat 9 ko 12. Falo 20 sau 150, lumen 3000, ƙwai huɗu masu wat 9. Kicin in mita 2 a kan 3 ne, lumen 1800, amma ki raba biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a bangon da ake yanka da girki, in ba haka ba mai girki inuwarta ce za ta rufe mata tukunya. Makewayi ƙwai ɗaya mai wat 5 zuwa 7 ya isa.

Babban ƙwai ɗaya a tsakiyar silin, wanda mai shago ya ba ki shawara, yana kashe ido a ƙarƙashinsa, lunguna kuma duhu. Ƙanana da yawa a rarrabe, a kan makunni biyu, sun fi, sai a kunna rabi lokacin hira. Kuma kar a sa ƙwai sama da fukafukan fanka, hasken zai riƙa yankewa yana sa jiri. A matsar da shi gefe ko a mayar bango.

Tela a Birni:

Malam, na yarda da lissafinka amma ban bi ka duka ba a kan ruwan ɗorawa. Sai an dubi bango. In fentin fari ne ko ruwan madara, 3000K na yin kyau. In kuwa shafen siminti ne kawai, ko jan yaɓe irin na tsoffin gidajen Birni, bangon shanye hasken yake yi, ruwan ɗorawa a kansa sai ɗaki ya koma kamar an kunna aci-bal-bal. A irin wannan a ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lissafin, a kuma ɗauki 4000K. Falon Hajiya ma 4000K zan ce, ya raba gardama tsakaninta da Alhaji: shi ya ga fari, ita idonta ya huta.

Akwai lamba ta uku da ba a cika dubawa ba, Ra ko CRI. Tana nuna yadda hasken ke fito da ainihin launin abu, 100 ce ƙarshe. Ƙasa da 80 kar ki saya. Irin waɗannan ne ke sa jan nama ya yi toka-toka, shuɗin shadda mai duhu ya rikiɗe da baƙi, mace ta yi kwalliya a ɗaki ta fito rana ta ga hodar ta yi yawa. Gaban madubi, wurin ɗinki da wurin dukawa, Ra 90 ake nema. In kwalin bai rubuta ba, ki sa a kunna a shago ki kara tafin hannunki ko jan ƙyalle a ƙarƙashi. Jan da ya koma kamar ƙasa-ƙasa ya ba ki amsa. Sannan kar a haɗa launi biyu a silin ɗaya, muni gare shi.

Mai gyaran lantarki, Zango:

Hajiya ranki ya daɗe, duk launin da kika zaɓa, a garin nan abu biyu ke kashe LED: zafi da rawar kuran. Kwali zai ce awa 15,000 ko 25,000, amma ba a ƙarƙashin kwano cikin watan Afrilu aka auna ba. Ba ƙwayoyin hasken ke fara mutuwa ba galibi, ɗan allon da ke cikin gindin ƙwan ne. Akwai kwandansato a ciki, wani ɗan abu mai ruwa da ke tara wuta, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage rabin kwanansa. Shi ya sa ƙwan da aka kulle cikin gilashin ado marar iska ke riga na fili mutuwa, shi ya sa kuma babba mai wat 30 a jikin roba zalla ba ya kai labari. Ki ɗaga ki ji nauyi: mai alminiyom a gindi ya fi fitar da zafi. Bayan hunturu a kashe wuta a goge ƙura da busasshen tsumma, tana rage haske tana riƙe zafi.

Batun kuran, namu bolt 220 ne a takarda, da yamma in kowa ya kunna fanka da firji yana faɗuwa. Ki nemi wanda aka rubuta wa 85-265V ko 100-240V, haskensa ba ya motsi. Wanda aka rubuta 220-240V kaɗai shi ke dusashewa yana kyaftawa. Gwaji mai sauƙi: ki saita kyamarar salula kan ƙwan da ke kunne, in kin ga baƙaƙen layuka na gudu a fuskar wayar, yana kyaftawa ko da ido bai gani ba, kuma yana iya kawo ciwon kai.

In an kashe makunni ƙwan bai mutu sarai ba, yana ɗan haske cikin dare, ba aljanu ba ne. Ko dai mai haɗin ya bi da makunni ta wayar nutur (marar wuta) maimakon faz (mai ɗauke da wuta), ko makunnin mai 'yar fitila ne a jiki. Na farkon a gyara shi da wuri, domin mazaunin ƙwan na ɗauke da wuta ko a kashe yake. Mazaunin ma iri biyu ne: E27 mai murɗawa da B22 mai kunnuwa biyu da ake dannawa a juya, wanda ya fi zuwa cikin kayan Kano. Ki duba wanda aka sa miki kafin ki sayi ko ɗaya.

Mai aikin sola, Kara-Kara:

Na salular ba zan ce ki cika gida da shi ba. Yawancinsu sai da Wi-Fi mai 2.4 GHz da ke tsaye a gidan, ba na wayar da ake fita da ita ba. Dole makunnin bango ya zauna a kunne kullum, yaro na kashewa wayar ta daina ganinsa. Ko a kashe yana shan kusan rabin wat. In an ɗauke wuta aka maido ƙarfe uku na dare, da yawansu tashi suke da cikakken haske sai in an saita su. Kuma yadda ake goge saitin yawancinsu shi ne a kashe a kunna sau uku ko biyar a jere, to kuran mai zuwa yana komawa shi ma yakan yi musu haka, a wayi gari suna ta kyaftawa suna neman a sake haɗa su. In ana sha'awa, a sa ɗaya a ɗakin kwana, mai rimot ko Bluetooth, wanda bai damu da intanet ba.

Abin da zai yi miki amfani na gaske: akwai ƙwai mai launi uku, duk kashewa da kunnawa yana sauyawa daga ɗorawa zuwa 4000K zuwa fari fat. Sai ƙwai mai caji, ɗaya a falo ɗaya a kicin, yana riƙe 'yan awanni in an ɗauke wuta, amma batirinsa ba ya son zafi, kar a manna shi da kwano.

Sola kuwa, ƙwai goma masu wat 9 na awa 6 suna cin wat-awa 540. Batir mai bolt 12, 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1200, rabi kawai ake taɓawa in na darma ne, kin ga ya isa da ƙyar, babu fanka a ciki. Da masu wat 30 ne, 1800 ake magana. In za a ja layin bolt 12 kai tsaye daga batir, a sani ƙwansa daban ne ko da gindinsu ɗaya da na kuran, in aka murɗa shi a 220 nan take zai ƙone. A yi wa mazaunansa alama da jan fenti.

Hajiya daga Garin Malam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura tsakar gida da zaure. Da damina ƙwari ke hana mu cin tuwo a waje.

Mai haɗa wuta, Sabon Gari:

Ƙwari shuɗin haske suka fi bi, don haka waje a sa 2700K, zai rage su sosai, ko da yake ba zai kore su duka ba. Kar a rataye shi saman tabarma ko bakin ƙofar ɗaki. A kai shi bangon da ke nesa ya hasko wurin zaman, su taru can. A nemi mai rubutun IP65 saboda ruwa da ƙura, IP44 in ƙarƙashin rumfa ne. Ƙofar gida a sa mai kunna kansa da magariba ya mutu da safe. Mai jin motsin mutum yana da kyau a zaure, sai dai ɗumin jiki yake ji, a daren bazara da bango ke huci yakan yi nauyin ji, don haka a kafa shi yadda mai shigowa zai gitta gabansa, ba ya tunkaro shi kai tsaye ba, a tsayin kamar mita biyu zuwa biyu da rabi.