Kuɗin amana a hannuna: yaya zan tsare kaina daga "in ara in mayar"?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Kawuna ya damƙa mini shagonsa na hatsi da kayan masarufi kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Shi matafiyi ne, lissafi sai ƙarshen wata. Ga matan unguwa kuma sun ce a wurina za a riƙa ajiye zubin adashensu. Sata ba ta raina, abin da nake tsoro shi ne "bari in ari jika biyu, gobe in mayar". Masu sanin harka, ku ba ni tsarin da zan bi.

Tsohon ɗan kasuwa, Zango:
Wa alaikumus salam ɗana. Yawancin yaran shagon da suka karye ba kuɗi mai kauri suka ɗauka ba. Dala ɗari ce ta shayi da burodi. To dala ɗari (sefa 500) kullum, a wata jika 15 (sefa dubu 15) ke nan, a shekara ta haura jika 180. Ba ka ji fitarta ba, amma ranar lissafi giɓin na nan yana jiranka.

Kafin kawunka ya sake tafiya, ku zauna ya yanka maka kuɗin abinci da na kabu-kabu, ya faɗi adadin da bakinsa. Wanda ba a yanka wa ba shi ke yanka wa kansa, kuma nasa yankan kullum ƙaruwa yake. Ka cire naka da safe ka rubuta. Daga nan aljihunka daban, akwatin shago daban. Ko canji ya yanke, kada ka cika da kuɗinka da niyyar cirewa anjima, don daga nan ne mutum ke fara cewa "ai shago ma yana riƙe da nawa".

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu, guda biyu, ɗaya na shiga da fita, ɗaya na bashi. Ka sa wa shafukan lamba, ka yi rubutu da bik, ba fensir ba. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, kada ka yaga shafi. Ƙirga kuɗi kowane dare kafin ka sa kwaɗo. Ranar Alhamis da kasuwa ke cika, ka ƙirga bayan azahar, ka sake bayan magariba. Giɓin yini ɗaya ana tuna inda ya shiga, na wata guda kuwa babu mai tunawa. Ka ɗauki hoton shafin ranar ka tura wa kawu ta WhatsApp, ko da ba zai buɗe ba. Kuɗin da ya fi ƙarfin canji kada ya riƙa kwana, a tura masa ta Nita ko Airtel Money, ka liƙa takardar a kaye.

Abokai masu neman bashi kuwa, amsa ɗaya ce: "Kaya ba nawa ba ne, ga lambar mai shi."

Almajirin zaure:
Bari in ƙara ta fuskar hukunci, don "in ara in mayar" ɗin nan malamanmu na Malikiyya sun yi magana a kanta kai tsaye. A littafin Muhtasar na Shehu Halil, aron kuɗin ajiya ba da izinin mai shi ba makaruhi ne ga wanda yake da abin biya, haramun ne ga wanda ba shi da shi. Sai ka tambayi kanka, ƙanena: in mai kuɗin ya zo yanzu, daga ina zan fiddo? In amsar ita ce "sai ciniki ya shigo", to kana layin marasa shi. A littafin Risala kuma, juya ajiya a kasuwanci makaruhi ne. Wani abin da mutane ba su lura da shi: ajiya in ta ɓace ba da sakacinka ba, babu biya a kanka, amma in ka taɓa ta ba izini, lamuni ya hau wuyanka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, saboda haka kayen da tsohon ɗan kasuwa ya ce ka saya ba rashin yarda ba ne.

Uwar adashe, Garin Malam:
Allah gafarta Malam, an gode. Amma ni ban goyi bayan ka karɓi ajiyar adashen nan ba sam. Adashen da ke tafiya daidai ba ya buƙatar ma'aji: ranar zubi ita ce ranar kwasa. Mata 10, kowa jika 2, mai kwasa tana zaune a tabarma a ƙirga mata jika 20 a gaban kowa ta ɗaure a haɓar zane. Kuɗi na kwana ne in wasu sun makara da zubi, maganin wannan tara ce da aka amince da ita tun farko.

In sun nace, ka gindaya sharaɗi. A ƙirga gaban biyu daga cikinsu, a ɗaure a leda a rubuta adadi da rana a jiki, a sa cikin akwatin da makullinsa ke hannun ɗayarsu, kuma kawunka ya sani. Lokacin da ya fi haɗari shi ne kaka, sa'ad da hatsi ya yi araha. Zuciya za ta ce maka ka sayi buhu biyu da kuɗin mata, ka sayar in ya hau, ai riba ce ba sata ba. Farashi ba ya tashi sai an yi watanni, mai kwasa kuwa tana da biki ranar Asabar.

Mai awo:
Babu wanda ya taɓo tiya, alhali nan ne jarabar mai hatsi take. Buhu mai kilo 100 ana lissafa shi tiya 40, amma ba kowane buhu ke cikawa ba, ga bushewa ga ƙwari ga tsakuwa. Yaro in ya ga buhu zai ba shi 38, sai ya fara rage tozo don ya cike gurbin. Kada ka yi haka. Duk buhun da ka kwance, auna shi gaba ɗaya gaban maƙwabcinka, ka rubuta abin da ya fito, asarar ta shago ce. Tiya ɗaya za ka riƙe ta saye da sayarwa, in gindinta ya lotse ka sake wata. Hatsin da ruwa ya taɓa ka ware shi a fili da farashinsa, kada ka binne shi ƙarƙashin mai kyau.

Ɗan Birni:
Na gode iyayena. Saura gyara: in na ƙara wa mai saye hannu ɗaya, ya halatta?

Mai awo:
Tambayi kawunka iyakar da ya yarda. Da yawa suna barin hannu ɗaya ga wanda ya sayi tiya biyar zuwa sama. Abin da ya faɗa ka rubuta a bangon kaye, ka yi wa baƙo da ɗan'uwa iri ɗaya.