Palandoken da iyali: mu ci a otal ko mu riƙa sauka gari?

Abu Hanif: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙarshen Janairu in Allah ya yarda zan kai iyali garin Erzurum na Turkiyya kwana uku, yara su ga dusar ƙanƙara su gwada zamiya a dutsen Palandoken da ke gefen garin. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku, sai Hajiyarmu da likita ya hana gishiri da maiƙo saboda hawan jini. Otal ɗin da ke kan dutsen ya ba ni farashi biyu, na karin kumallo kawai da na abinci sau uku, kuma ratar ba kaɗan ba ce. In biya na sau ukun, ko mu riƙa sauka gari cin rana da dare? Ranar Juma'a suke jiran amsa.

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, wanda ya je Erzurum bai ci cağ kebab ba ai bai je ba. Naman rago ne da ake jiƙawa da albasa da gishiri da masoro ya kwana, a jera shi a ƙarfe a kwance gefen wutar itace, ana juyawa. Mai yanka zai soka siririn tsinke a gefen da ya nuna, ya yanko, kamar dai tsirenmu amma ba ƙuli. Ana haɗo shi da lavash (siririyar gurasarsu), albasa, tumatir mai yaji da kindirmo mai kauri. Abu biyu za ka riƙe. Tsinke ake ƙirgawa, ba faranti ba, kuma ba sa daina kawowa sai ka ce ya isa. Ka tara tsinkayenku gefe guda, su ne lissafinka. Sannan ka je tsakanin azahar da la'asar, don in dare ya yi wasu gidajen naman ya ƙare, wasu kuma ragowar jikin ƙarfe ce ta bushe. Babba tsinke uku zuwa huɗu, yaro biyu.

Maman Iman: Ɗan Zariya, bawan Allah ya ce an hana Hajiya gishiri da maiƙo, kai kuma ka miƙa mata rago mai kitse. Abu Hanif, ku nemi esnaf lokantası a lungunan da ke kewaye da titin Cumhuriyet. Gidajen abincin 'yan kasuwa ne, tukwanen na jere bayan gilashi, nuna wa kake yi da hannu. Akwai miyar adas, waken İspir, shinkafa, kayan lambu, da ayran aşı, miyar kindirmo da alkama da ganyen ƙamshi, mai sauƙi a ciki. In ka ce "az" rabin faranti za a zubo, ya ishi yaro. Sai dai an riga an sa gishiri tun a tukunya. Abin da za a iya yi mata sabo shi ne gasasshiyar kaza, ka ce "tuzsuz", wato ba gishiri, tun kafin a ɗora. Kuma kada ta taɓa cukun nan nasu mai zare-zare da ake kira civil, gishirinsa ya yi mata yawa.

Bakano a Laleli: Ni dai roƙona ɗaya, kada ku zauna a wuraren shan shayin da ke gefen filin zamiya ba tare da kun ga farashi a rubuce ba. Abin da aka yi wa wasu baƙina a ɗaya daga cikinsu har yau yana ci mini rai. Mutum biyar, sanyi ya koro su, yara na kuka. Ba a ba su takardar abinci ba, da baki aka lissafo musu. Kafin su ce uffan an jera ruwan roba, salak, ƙananan faranta huɗu, har da 'ya'yan itace. Sun ɗauka kyauta ce kamar yadda ake yi a gari. Da aka zo biya, sai ga 'yar takarda da biro, jimla kawai, ba bayanin komai. Burodi da tsiran nama da shayi, kuɗin ya kai na cin dare biyu a cikin gari. Da suka yi magana aka ce ai sun ci. Suka miƙa kati, injin ya tambaya dala ko lira, yaron shagon ya danna dala da kansa, canjin ya ƙara cin su. Wallahi zalunci ne, don an ga baƙi ne ba sa jin yaren.

Ɗalibin Atatürk: Allah ya mayar musu da alheri. Amma Alhaji, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Tun 1 ga Janairun 2024 doka ta tilasta wa gidajen abinci a Turkiyya su kafa farashi a bakin ƙofa, su kuma ajiye a kan tebur. In ba ka gani ba, juya. Duk abin da aka ajiye ba ka nema ba, ka tambaya "ikram mı?", wato kyauta ce?, kafin hannu ya taɓa. A injin kati kuwa kullum lira, kuma kai za ka danna. Batun tsada, abin kan dutse bai wuce ninki ɗaya da rabi na gari ba.

Bakano a Laleli: Ɗaya da rabi? Ninki uku ne, na ga takardar da idona.

Hajiyar Ankara: Shayi da ruwa ne ke kai ninki uku. Abinci ninki biyu ne, ko ƙasa da haka in ba lokacin hutu ba. Matsalar Abu Hanif ita ce ƙarshen Janairu hutun tsakiyar zango ne na makarantun ƙasar, dutsen cike yake, komai ya hau.

Ɗan Zariya: Ku daina musu a kan farashin bara. Ƙasar da hauhawar farashi ta haura kashi 85 cikin ɗari a Oktoban 2022, a lissafin gwamnati ma, kuɗin tsinken da ka sani a damina ba shi ne na hunturu ba. Bakano dai ko kyauta aka ba shi sai ya nemi ragi.

Bakano a Laleli: Bazazzagi da aka saba da ɗumame yau shi ke koya mana cin rago. Allah ya kai damo ga harawa.

Ɗalibin Atatürk: Da girmamawa Alhaji, ku da kuke Istanbul kuna leƙo garin nan ne ku koma. Shawarar wanda yake kwana yana tashi a nan ya kamata a ɗauka.

Bakano a Laleli: Ɗalibi a kantin jami'a yake ci da rangwamen gwamnati. Ka taɓa biya wa mutum shida abinci a kan dutsen? Mai fitar da kuɗi daga aljihu shi ya san zafinsa.

Maman Iman: Ku duka biyun babu wanda ya taɓa shirya yara uku fita cikin wannan sanyin. Garin kansa yana kan tudu kusan mita 1,900, otal-otal ɗin sun fi haka, da dare sanyi kan wuce 20 ƙasa da sifili. Magariba wajen ƙarfe 5 da rabi take yi. Daga otal zuwa tsakiyar gari minti 10 zuwa 15 ne a mota, gaskiya ne, amma ka lissafa cire takalman zamiya, canza safar da ta jiƙe, sa wa kowa riga uku, ga dattijuwa a kan dandamalin da ya daskare. Ku shida kuma tasi ɗaya ba za ta ɗauke ku ba, biyu ne zuwa, biyu dawowa. Ni da za a ji tawa, ka tambaye su farashi na uku: safe da dare. Rana ɗaya ku sauka gari da hantsi, ku ga tsohuwar makarantar nan mai hasumiya biyu, Çifte Minareli, ku sayi carbin baƙin dutsen Oltu a tsohuwar kasuwar Taşhan, ku ci kebab ɗinku, ku koma kafin duhu. Abincin daren otal zuba-da-kanka ne, Hajiya za ta samu dafaffen kayan lambu da kindirmo. Nama duk yankan Musulmi ne, sai dai yawancin otal ɗin saman suna sayar da giya, ka nemi tebur nesa da wurin.

Bakano a Laleli: Ko a otal ɗin ka tambaya a rubuce ko ruwa da shayi suna cikin kuɗin. Baƙin nan nawa ta ruwa aka fara cin su.

Ɗan Zariya: Kada a manta kadayıf dolması. Zaren fulawa ne ake naɗe gyaɗar turawa a ciki, a tsoma a ƙwai, a soya, a jefa a ruwan sukari. Da zafinsa ake ci, in ya kwana ya yi lagwaf. Biyu sun ishi babba. Shayi kuma ba a zuba masa sukari a can, gutsure ake sawa a baki a kurɓa. In ka ƙoshi ka ɗora cokali a bakin kofin, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka.

Hajiyar Ankara: Duk wannan daɗin da kuke faɗa, kwana biyu bakinka zai yi salam. Barkononsu na kan tebur ja ne kawai. Ka taho da yajinka a ƙaramar roba.

Bakatsine: Yaji zai wuce, amma kada ya haɗa da kilishi. Nama da kayan madara a jakar matafiyi haramun ne a shigo da su Turkiyya, in aka buɗe jaka a kwastam ƙwacewa za a yi. Dambun nama ma haka, man shanu ma haka.

Bakano a Laleli: Abin haushin shi ne rashin tsari. Wani ya wuce da ƙulli guda ba a kalle shi ba, na bayansa a zazzage masa kaya a gaban jama'a har da daddawa da kuka, waɗanda ba nama ba ne.

Abu Hanif: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na rubuta wa otal ɗin, sun ce a makon hutu ba sa ba da na safe da dare, ko ɗaya ko sau uku. To wanne zan ɗauka?

Bakatsine: Daddawa wari ne ke tona ta. A daka ta, a ƙulle a leda biyu, a sa a roba mai murfi, a rubuta sunanta da Turanci a jiki.

Hajiyar Ankara: Rubutu ba ya hana su. Kuɓewa busasshiya ma an taɓa riƙe wa wata 'yar uwa, wai iri ce. Akwai wanda ya san inda dokar take a rubuce, mu riƙa tafiya da ita a waya?